Ɗorin da ya ci aikin mutumin Aliero

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba wasu 'yan kasuwar Jega suka kafa kwamiti, suka buɗe gidan horo a bayan gari domin samarin da suka gagari iyayensu: masu shan sholisho, masu satar awaki ranar kasuwa, da wanda ya ɗaga wa ubansa hannu. Ni aka kira in koya wa masu kula da su aiki, don na taɓa ganin irin waɗannan gidaje a ƙasashen da koyarwa ta kai ni. A Umdurman bulala a rataye take a fili, ba mai ɓoye ta. A Kumasi littafi ne ke riƙe da gida, ko ƙurji ya fito wa yaro sai an rubuta. Tsarin Kumasi na kawo musu.

Masu kula su huɗu ne. Babbansu tsohon gandiroba ne, mai kyan rubutu. Akwai kuma wani dattijo daga Aliero, ɗan gidan masu ɗorin karaya, wanda bai yi boko ba. Samarin Baba suke ce masa, kuma a hannunsa kaɗai suke karɓar abinci ba tare da zagi ba.

Duk Alhamis nake zuwa in zaunar da su a zaure. Ba duka, ba sarƙa. Kowane rauni a kai asibiti, a rubuta rana da lokaci da dalili. Gandiroba ya haddace wannan tas. Dattijon ne ya yi tambaya.

“Malam, in ƙashi ya karye ga ni tsaye, sai in bari a tai da shi asibiti?”

“Haka dokar take.”

“To ai mu gidanmu daga asibiti ake kawo muna su.”

Aka yi dariya. Na ce masa nan ba gidansu ba ne.

Bayan wata guda na zo na tarar da wani saurayi ɗan Mungadi da hannu a ɗaure cikin kara da tsumma, yana warin man shanu. Littafi ya ce ya faɗo daga katanga yana ƙoƙarin gudu, an ba da umarnin kai shi asibiti, mutumin Aliero ya ƙi, ya ɗora shi a ɗakin girki. Rana, lokaci, dalili, komai yadda na koyar.

Uwar yaron Bafillatana ce, gandiroba kuwa ba ya jin Fillanci, don haka da Fillanci na tambayi yaron. Ya ce katangar ya hau, gaskiya ne, amma lafiya aka sauko da shi. Gorar gandiroba ce ta karya shi, da ya kare kansa da hannu. Na ɗaga rigarsa na ga shatar sanda uku a baya. Ya roƙe ni kada in ce shi ya faɗa.

Kwamiti ya zauna bayan la'asar a shagon shugabansu, wani dillalin hatsi. Da ma rabinsu ba su yarda da gida marar bulala ba. Aka karanta littafin, aka kira dattijon.

“Baba, kai ka ɗora shi?”

“Ni na ɗora shi, Alhaji. Ƙashin ya goce, yaro na kuka.”

“Mi ya karya shi?”

Ya dubi gandiroba, sannan ya dube ni. “Malam ya sani.”

Shugaban ya juyo. “Malam, dokar ga taka ce. An taka ta ko ba a taka ba?”

In na faɗi abin da na gani, littafin da na kawo ya zama maƙaryaci tun a watansa na farko, a gaban mutanen da ke jiran haka. Na gaya wa kaina cewa tsarin nake karewa. Yau na san sunana nake karewa. Na ce abin da ke rubuce shi ne a gabanmu, kuma an taka doka.

Aka sallame shi a take. Wani ɗan kwamiti har da ba'a, ya ce ya koma gonar albasa, can in ya ɗaure abu ba mai tambaya.

Dattijon bai roƙi aikin ba. Abu ɗaya ya nema, a bar shi ya dawo ran kwana bakwai ya kwance ɗorin ya sake ɗaurewa, don in kumburi ya saɓe kara zai saki, ƙashi ya zame.

Gandiroba ya ce, “Baba, ai yanzu kai baƙo ne. Ziyara ta dangi ce. Ko ba haka Malam ya koya muna ba?”

Haka na koya musu.

A bakin ƙofa dattijon ya tsayar da ni, buhun kayansa a kafaɗa. Ya kama hannuna ya nuna mini inda zan danna, da yadda ake ja a hankali kafin a mai da kara. Sau biyu ya maimaita. Na ce na gane, alhali ban gane ba, kuma ban taɓa hannun yaron ba. Asibitin ma ba a kai yaron ba, domin gandiroba ya riga ya rubuta cewa an yi magani.

Hannun ya haɗe a karkace. Daga nan ba a sake karya ƙashi a gidan ba, gandiroba ya koma dukan tafin ƙafa, inda ba ya barin abin rubutawa. Ranar rufe horon masu kula ni na miƙa masa takardar shaida, da ta sauran biyun. An buga guda huɗu. Ta dattijon na ce a ajiye ko zai aiko, bai aiko ba.