Kilishin Gagare

Gidanmu a unguwar Taman Melati, a ƙasar waje, can saman bene yake, ba tsakar gida ba murhu, sai 'yar barandar da Mama ke shanya. Amma kakarmu Iya Asabe, da aka ɗauko daga Kano ta kula da mu yayin da iyayenmu ke fama da karatu, ba ta yarda a yi tatsuniya ba wuta. Cewa take tatsuniya ba wuta gulma ce. Bayan magariba sai ta hura gawayi a kaskon turarenta, ni da ƙanena Sadiƙu mu zauna gabanta, jirgin ƙasa na wucewa can gefe.

"Ga ta nan, ta biyo ku har ƙasar ruwan sama," in ji Iya. Mu kuwa mu ce, "Boleh, ta zo mu ji ta," wato "to" da yaren garin. Ta harare mu, ta ci gaba.

A shekarun ne Sadiƙu ya kamu da son hokin ƙanƙara. Baba ya kai mu wani ƙaton kanti mai filin ƙanƙara a ciki, shi ke nan hankalin yaro ya tafi. Ya liƙa hoton wani Bature ɗan wasa a bango, ƙato, yana dariya ba haƙoran gaba. Iya ta daɗe tana kallon hoton.

"Ƙarti da sanduna suna rububin marfin kwalba," ta ce. "Shi kuma wa ya zubar masa da baki?"

Sadiƙu ya ce, da alfahari, a fili aka zubar, kuma bai fita ba sai da aka tashi. Ranar ce ta ba mu labarin Gagare.

Wai Gagare ɗan dambe ne da ba a taɓa kayarwa ba. Duk karon da haƙorinsa ya faɗi, 'yan kallo kan yi wawa su tsince, su ɗinka laya da shi. Suna tafi, suna cewa, "Tashi, namiji ba ya jin ciwo." Shi kuwa ya tashi. Haka har bakinsa ya koma dasashi zalla, ya ajiye dambe. Sai masoyansa suka ce dole a karrama shi. Suka yi gayya har ƙofar gidansa da kiɗa, ɗauke da faifai cike da kilishi. Gagare ya dubi kilishi, ya taɓa bakinsa. Su kuwa suka zauna suna ba da labarin bajintarsa, wannan ya yaga, wancan ya yaga, har faifai ya yi fes. Suka karkaɗe riguna suka ce ba a taɓa yin irinsa ba.

"Ƙurunƙus, kan ƙadangaren bangonku," in ji Iya. "Mai tafi ba ya kumburi. Ku tashi ku yi isha'i."

Da nake yarinya na ɗauka Gagare ake yi wa dariya. Sai da Iya ta rasu da daɗewa na gane da wa take.

Sadiƙu ya girma ya shiga wata ƙungiyar 'yan sha'awa a nan garin. Bara ƙwallon wasan, na roba mai tauri, ya same shi a muƙamuƙi, aka ɗaure masa baki da waya. Likita ya ce kansa ya sha bugu ya isa, wani karon ba lalle ya tashi daidai ba. Shi kuwa ya kafe, da an cire waya zai koma fili. Na yi faɗa, na yi roƙo, kamar da bango nake magana. Tsoro nake ji ƙwarai, don shi kaɗai gare ni.

Ana haka Baturen nan na hoton bango ya yi ritaya, masoyansa suka shirya taron godiya a bayan idonsa, a wani mamak, wato gidan abinci, a unguwar Sentul. Ni na kai Sadiƙu, don jiri ba ya barinsa tuƙi. Abin da na gani kuwa, ko Iya ba ta tsara shi haka ba. Manyan mutane da tumbi, waɗanda ƙanƙarar da suka sani ita ce ta cikin shayi, kowa ya shafa baƙin tawada a haƙoransa na gaba, wai ya yi giɓi irin na gwaninsu. Giɓin da za a wanke kafin a kwanta. Ba wanda ya tambayi da me mutumin ke tauna yanzu. Labarin da ya fi musu daɗi shi ne na ranar da ya gama wasa jini na zuba.

Wani Bala, ɗalibin da bai taɓa sa takalmin ƙanƙara ba, ya miƙe ya dafa Sadiƙu.

"Ga namu gwanin fa. Oga, yaushe za ka koma? Namiji ba ya jin ciwo."

Aka yi tafi. Sai suka sa aka kawo babban faranti na soyayyen naman akuya, wai don girmama shi, aka dire a gabansa. Sadiƙu na zuƙar madara da tsinke ta gefen waya. Hannuwa suka yi ta kai da komo ta gaban fuskarsa, ana yabonsa da baki cike, har ƙashi ya rage.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Gagare, ba za ka taɓa kilishinka ba?"

Ya dubi farantin, ya dubi baƙaƙen haƙoransu, maiƙo ya soma wanke tawadar. Muka kama hanyar gida har muka kai unguwar Titiwangsa. Can ya yi magana ta tsakanin waya.

"Yaya, jakar wasan nan ta zauna a wurinki."

Tana barandata har yau, kusa da kaskon Iya. Cikin masu tafin nan ba wanda ya taka ya duba shi. Bala ne kawai ya bugo waya, yana tambaya ko takalman na sayarwa ne.