Kofin da Ya Huce a Shagon Kawu Rifat

Aikin farko na yau: manna takardun rasuwa masu koren gefe a ƙofar masallaci da turken tashar bas. Na manna, amma ina jin ɗaya ta karkace.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, Allah Ya karɓi ran Rifat Šehović, mai haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara muryar jita, a unguwarmu ta nan Tuzla, bayan gajeriyar jinya. Jiya muka kai ka makwancinka, Kawu, yau kuma na zauna in rubuta, ban san ko zan iya ba.

Ba ka taɓa yarda da na'urar zamani ba. Amfilifayarka mai ƙwayayen gilashi ce, waɗanda sai sun yi ja kamar garwashi kafin murya ta fito. Dokarka ɗaya: a kunna, a ɗora kofi, sai an zuba a kofuna sannan a taɓa jita. Wani makaɗi ya taɓa yin gaggawa, ka zare masa waya ka ce, "Kai ma in an tashe ka daga barci aka ce yi waƙa, me za ka yi in ba tari ba?" Ya yi fushi ya fita, ya dawo da yamma, ka gyara masa tasa, ka kuma cika masa ciki da burek, gashin fulawar nan mai nama a ciki.

Ni ma tun ina sakandare kake haƙuri da ni. Lokacin da na ƙona amfilifayata ta farko, ba ka yi faɗa ba, shinshina ta kawai ka yi ka ce ta dahu.

A bazarar bana ka gama haɗa amfilifaya guda biyu, ka ce su ne na ƙarshe don hannunka ya fara rawa. Ɗaya an lulluɓe ta da baƙar fata, muryarta tsaf kamar ƙararrawa. Ɗaya mai ruwan ƙasa, tana da 'yar dusashewa. Ka ce in zaɓi ɗaya, wadda na bari wani makaɗi daga Zenica zai ɗauka. Kowace Asabar ina zuwa, ka juya mini kujera in ba su baya, kana sauya wayar jitar daga wannan zuwa waccan ba tare da na gani ba. Na auna, na kwatanta, na kasa. Na roƙe ka ka zaɓa mini.

"Nedim, matarka ma ni na zaɓa maka?"

"Ai ita ta zaɓe ni, Kawu."

"Allah Ya saka mata. Juya, kaɗa."

Mutumin Zenica ya yi ta bugo waya, kana ce masa fenti bai bushe ba. Don ni kake wannan kwana-kwanar, na sani.

Ɗazu na je gaida matarka, Inna Zumreta. Ta ce jibi mutumin zai zo, kuma ita ba za ta iya zancen fenti ba. Na shiga shagon, na kunna su biyu, na zauna ina kallon ƙwayayen suna ja. Babu mai sauya mini waya. Na ce mata gara mutumin ya fara zaɓa, in ɗauki saura.

Ta ajiye tire ta ce, "Kai dai har abada. Ai tun bazara ka zaɓa. Ni ke kwashe kofuna. In baƙar ce a jone, kana sha kana damun tsohon da tambaya. In mai ruwan ƙasa ce, shiru kake, kofinka ya huce ban ga ka kurɓa ba. Sau nawa na zubar?"

"Ya sani?"

"Shi ya nuna mini. Ya ce a bar ka ka ji da kunnenka."

Na jona mai ruwan ƙasa na kaɗa kaɗan. Da na ɗago, kofin ya yi sanyi.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Rifat, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zame maka nauyi a mizani. Inna Zumreta, da 'yarku Lamija, da jikoki, Allah Ya ba ku dangana.

Na gobe:
A gyara takardar da ta karkace.
A goge baƙar, a naɗe ta da bargo don mutumin Zenica.
A nemi aron motar ƙanina, mai ruwan ƙasa tana da nauyi.
A sayi kofi. A kunna, a jira.