Ranar da Ashafa Ya Goge Cikin Inji

Duk Kurmin Kogi ban taɓa ganin mai son ƙyalli irin Malam Ashafa ba. Masinja ne a wani ofis a Ikara, amma kai saƙo bai dame shi kamar goge ƙarfe ba. Kwaɗon ƙofa, ƙararrawar keke, har cokalin mai shayi idan aka bar shi kusa, sai ya ga fuskarsa a ciki hankalinsa ke kwanciya.

Da sojoji suka zo da rage ma'aikata, da shi aka fara. Ya tattara abin sallamarsa ya sayi tsohon injin niƙa. Injin kuwa hayaƙi yake yi kamar ana ƙona ɗanyar ciyawa, ga shan baƙin mai. Mata suka fara kai niƙansu Paki. Ashafa ba shi da gona, in injin nan ya mutu gidansa ba abinci.

Sai ya kira Irmiya, wani bakanike ɗan kudancin Kaduna. Irmiya ya buɗe injin, ya leƙa ramin da fistin ke hawa da sauka, ya tarar ya yi sulɓi yana walƙiya. Ya naɗe sanfefa, takardar nan mai kaushi, a sanda, ya yi ta murzawa har cikin ramin ya cika da ƙananan zane masu gitta juna. Sannan ya tafi Makarfi neman ringi, zoben da ake sa wa fistin, don lokacin kayan gyara sun yi wuya.

Ashafa ya leƙa, ya ga zanen.

"Yaron nan ya cuce ni! Abu kamar madubi ya yaƙushe min shi?"

Ya ɗebo toka da tsumma ya duƙa yana goge ramin tun hantsi, azahar ma a gurguje ya yi ta. Da la'asar Irmiya ya dawo ya same shi yana washe baki.

"Na gyara maka ɓarnarka," in ji Ashafa, "kuma ban riƙe ka a zuciya ba."

Irmiya ya leƙa, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Haba Baba! Ai ƙyallin nan shi ne ciwon. A cikin zanen mai yake maƙalewa, ringi ya kama. Ku da wanzami ya yi muku zane a kunci, wa ya bi ku da toka?"

Ashafa ya shafa kuncinsa. Irmiya ya ce shi kam hannunsa ya mutu, ya miƙa masa sandar da guntun sanfefar da ya rage.

Haka Ashafa ya runtse ido yana murzawa, yana ce wa injin, "Yi haƙuri, ba son raina ba ne." Wallahi na yi dariya har hawaye, sai kuma tausayinsa ya kama ni.

Washegari injin ya tashi garau. Matarsa Hajo ta juye kwaryar dawa, Ashafa ya tara hannu garin ya zubo da ɗuminsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Hajo, je ki ɗora tukunya."