Butar Baba

A daminar da ruwa ya ci ƙauyenmu, ranar wata Juma'a, gidanmu ya faɗi. Ginin ƙasa ne, ya jiƙa ya zauna. Muka kwashi tabarmi da tukwane da akuya, muka koma makarantar firamare da ke kan tudu, ta hanyar Ungogo. Ban taɓa shiga aji ba sai lokacin, ban kuma sake ba.

Mata da yara suna kwana cikin ajujuwa, maza a baranda, awaki a ɗaure jikin sandar tuta. Mu yara ba mu san wahala ake ba. Muna langa a filin ƙwallo, muna kamun tarwaɗa a gonakin geron da ruwa ya kwanta. Masu agaji suka kawo baƙin tanki, suka zuba wa ruwan magani, yana wari kamar asibiti. Suka ce kada kowa ya taɓa rijiyar bayan makaranta, don masai ya cika ya malala cikinta.

Inna ta ji magana. Da sassafe take jera mu a layin tanki, in sabulu ya ƙare ta cuɗa mana hannu da toka. Baba ma na tankin yake sha, yana yamutsa fuska. Alwala da shi ce ya ƙi. Abin da ya tashi da shi, ruwan da warinsa ya sauya ba ya tsarki. "Sha lalura ce," in ji shi, "amma ba na tsayawa gaban Ubangiji da ruwan asibiti." Kowace salla sai ya ɗauki butarsa ta ƙarfe ya zagaya baya wurin rijiyar, shi da wasu dattawa. Ruwan rijiyar garau yake, ba wari. Da shi suke kurkure baki.

Inna ta ce, "Malam, bakin nan fa hanyar ciki ce." Ya ce, "Ke dai ji da yaranki."

Amai da gudawa suka kama shi. Bai kai wata Juma'ar ba. Da ruwan tanki aka yi masa wanka. Sai bayan jana'iza liman ya ce alwala da ruwan tankin ta halatta, dattawan da suka rage suka shiga layi da butocinsu.

Yanzu ina Rijiyar Zaki, ina tura kurar ruwa. Inda gonarmu take duk gidajen bulo ne. Butar tana wurina. In na cika ta na ji warin maganin, nakan ɗan tsaya, sannan in yi bisimilla.