Injin Maigida Ya Ƙone Da Bikin Mutane A Ciki

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da kunne. Tun ranar da wani abokin maigidana ya taɓa kwamfutar nan hankalina bai kwanta ba, domin kukan fankar cikinta ya canza. Da tana huci a hankali, ta koma tana gurnani kamar injin markaɗe. Ina goye da 'yata in wuce kusa da ita, sai in ji iska mai zafi ta dakar mini ƙafa.

Sana'ar maigida ɗaukar bidiyon biki ne. A zauren gidanmu yake haɗa shi, a wani lungu bayan Titin Koudoukou. Kuran, wato wutar lantarki, ba ta daɗewa a unguwarmu, sau da yawa aiki na tsaka sai a ɗauke. Shi ne abokin ya ce akwai dabara: za a ƙara wa furosesa gudu, wato ƙwaƙwalwar injin, ta wuce yadda masu ƙera ta suka tsara, aiki ya ƙare kafin wuta ta tafi.

Na ce, "Maigida, abin nan fa zazzaɓi yake yi."

Ya yi dariya. "To likita, jiƙa masa sabara mana."

A lokacin bikin 'yar wani Alhaji mai sayar da atamfa ne a hannunsa. Bayan bikin da kwanaki kakar amarya ta rasu, kuma bidiyon nan kaɗai ke ɗauke da muryarta, inda take sa wa jikarta albarka. Kullum sai an aiko daga gidan.

Wata safiya allon ya koma shuɗi, ya cika da rubutu, injin ya mutu. Aka kunna, ya tashi, ya sake faɗuwa. Maigida ya wanke shi daga cutar kwamfuta, ya sake zuba masa manhaja, bai hana ba. Ni kuma na tsuguna ina yi masa fifita da maficin kaba, 'yata na kuka a bayana, ni ma ina yi.

Muka ɗora shi a babur zuwa wajen wani mai gyara a Kokoro. Ya taɓa ƙarfen ciki ya janye yatsa da sauri, ya ce da Sango, yaren garin nan, "Wa mingi!" Wato zafi ya yi yawa. Sannan ya dubi maigida. "Patron, jaki ka saya, ka ce sai ya yi tseren doki?"

Ya cire wani ɗan batir mai kama da kwabo don injin ya manta gudun da aka koya masa, ya kankare busasshen man da ke kan furosesar ya shafa sabo. Injin ya tashi lafiya. Har na fara hamdala. Ana buɗe aikin bikin, allon ya sake komawa shuɗi.

"Furosesar ta riga ta ƙone ta ciki, Madam," in ji shi. "Hotunanku na nan, ba su ɓata ba. Amma sai an samo irinta sak."

Mun bi shagunan Koudoukou ɗaya bayan ɗaya, tsohon yayi ce, babu. Kwamfutocin da muka samu aro ƙanana ne, ba sa iya ɗaukar aikin. Ranar Juma'a Alhaji ya tare maigida a ƙofar masallaci, a gaban mutane, ya ce, "In ka ɓatar mana da tsohuwa, ka faɗa mana gaskiya." Tun daga nan an janye bukukuwa biyu daga hannunsa. Ba ya cin abinci sosai, ba ya fita sai sallah.

Don Allah, duk wanda ke da tsohuwar babbar kwamfuta ta tebur da ta mutu aka jingine ta, kada ya yar. Ya tambayi gidan mai bidiyon biki a bayan Koudoukou, a bari mai gyara ya duba ƙwaƙwalwarta ko za ta yi mana.