Kaka Turai, Wadda Ba Ta Mayar Da Hannun Kowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kakata Turai ta Nasarawa Burkullu. Ni dai matata nake ce mata, ba ta kuma taɓa musu ba.

Kaka, duk gidanmu ke kaɗai kike ɗaukar tsiyata. Ranar da na rataya takalmanki a wuyan akuya, kin bi ta har bakin rijiya kina cewa, "Sahabi, yau sai ka sake ni, miji marar ko sisi!" Da yamma kuma na tarar kin ajiye min ƙanzo da ƙuli.

Ba ki iya mayar da hannun mutum ba. Da ciwon ƙugu ya kwantar da ke, duk mai zuwa dubiya da ƙullin ƙwayoyinsa daga kasuwa. Wannan na ciwon jiki, wancan na mura, wani na ciwon kai. Ki karɓa ki haɗiye a gabansa, don kada ya koma da kunya. Ashe launi ne kawai ya bambanta, duk farasitamol ne a ciki.

Da amai ya fara, na zuba sauran a leda ina yawon tambaya. Mai kemis ya ce a ba ki nono. Malamin asibiti ya ce tunda kina zaune kina magana, a saurara. Wani likita a waya ya ce sai an auna jini tukuna. Wani kuma ya ce tunda kwana da kwanaki kika yi kina sha, kada a jira awo, a ɗaura miki ruwan maganin hanta nan take. Kowa da tabbacinsa. Kawu Namadi ya dube ni, na dube shi. A makarantar allo, in malamai suka saɓa a kan aya, Alƙur'ani ake buɗewa. Nan ba mu san abin buɗewa ba. Kafin mu tsai da shawara, idanunki sun yi ruwan ɗorawa. Ban zargi kowa ba, kwana ne ya ƙare.

A motar da ta kai mu birni kika ce, "Angona, yau dai ka fito da ni yawo."

Ranar sadakar uku aka ce ni zan yi wasan jikoki. Aka ɗaura min zanenki, aka ba ni sandarki. Na duƙa na soma tafiyarki, mata suka fashe da dariya. Na waiga ƙofar ɗakinki ina jiran zagi. Labule ne kawai. Na kwance zanen na ninke.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hamida da Kawu Namadi da dukkan dangi na Anka da Gummi. Masu gaisuwa suna wuce ni zuwa wurin manya, wai jika wasa ne nasa. To, Allah Ya ba ni haƙuri ni ma, tunda ba wanda ya ce min haka.