Malam Tasi'u, masinjan da ya nemi kabari

Kafin alƙali ya zauna, Malam Tasi'u Gana ya riga ya share kotun shari'ar da yake yi wa masinja a Haɗejiya, ya ɗaure jakar sammaci a keke ya nufi fadama. Inda keke ya gaza sai kwale-kwale, ta cikin ciyawar kachalla mai rufe mutum har kai. Wannan watan zai ajiye aiki, kuma ni abokin aikinsa na rantse ba zai tafi shiru ba.

Yana da wani taurin kai da ma'aikatan kotu ke yi wa dariya. Idan aka ce masa wane ya rasu, sai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ina kabarin?"

Shekarar babbar ambaliya aka kawo rabon gadon wani masunci daga wajen Guri, Umara. An tsinci kwale-kwalensa a kife, ba a ga gawa ba. An yi sadaka, matarsa Saudatu ta gama takaba, 'yan'uwa suna jiran gona. Malam Tasi'u ya kai wa magada sammaci da tsakar rana, ya tarar da rabin ƙauyen a cikin ruwa, ba kaza ba akuya, sai ƙofofi a buɗe. Ya yi tambayarsa ta kullum, ina kabarin. Wani dattijo ya nuna masa kogi da haɓa.

Ya roƙi alƙali a ɗaga zaman. Daga nan duk inda aiki ya kai shi, mashaya ko kasuwa, sai ya tsaya ya ƙwala kiran Umara yadda ake kiran mai ƙara. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu. Ni kaina na ce mutanen ruwa sun taɓa shi, kuma na ji tsoronsa.

Wata rana ya kai saƙo kotun majistare a wani gari. Farfajiyar ba kowa, sai motar fursunoni a gindin darbejiya. Ya ƙwala kiran Umara kamar yadda ya saba. Daga ƙaramar tagar motar wata dusasshiyar murya ta ce, "Na'am."

Direban motar, da ke zaune a ciki, ya ce ya ga jakar sammacin ta faɗi daga hannun Malam Tasi'u.

Ashe ranar ambaliyar Umara ya ɗaure jirginsa ya tafi wata kasuwa mai nisa, faɗa ya ɓarke, aka kwashe har da shi. 'Yan sanda sun miƙa shi ga majistare, majistare ba shi da hurumi, yana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, gidan gyaran hali kuwa ajiya aka ba shi. Kowa yana kan aikinsa, kotun da ke raba gadonsa ba ta san yana numfashi ba.

Kai ne, Malam Tasi'u, ka bi ofis-ofis da ƙafarka har babbar kotu ta sake shi. Ba ka da kujera a kowace kotu, amma kai ka haɗa su.

Ran da ka raka Umara gida, ƙauye ya watse da gudu da salati. Saudatu kaɗai ta tsaya. Ta ce, "Malam, ka fara taɓa shi." Ka kama hannunsa ka sa a nata.

Mun gode, Allah ya saka. Ku matasan da za ku gaji jakarsa, kada ku yarda a binne mutum a kotu alhali yana zaune a wani ɗaki yana jiran a zo.